Ragar Ƙwallo Daga Igiyar Kasuwa: Kimiyya a Filin Wasan Makaranta

Duk wanda ya ratsa ƙasar Sule Tankarkar da la'asar sakaliya, ko a cikin gari ko a ƙauyuka irin su Jeke da Ɗanzomo, da wuya ya wuce bai ga samari suna buga tamaula a kan rairayi ba. Filin wasa ba shi da wuya a wannan yanki na masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Abin da ke wuya shi ne kayan wasa. Sau da yawa sanda biyu ake kafawa, ko a tara takalma, a ce nan ne raga. Idan aka buga ƙwallo ta wuce, sai wasa ya tsaya a bi ta da gudu, wani lokaci a same ta cikin shingen ƙaya, ƙayar aduwa ta riga ta huda ta. Makarantar da ƙwallonta ɗaya ce tak, ranar da ta fashe ranar ce wasa ya ƙare, sai kuma an sami kuɗin wata. Wani lokacin kuma gardama ce ke tashi, waɗannan su ce ta shiga, waɗancan su ce ta gefe ta bi.

Ragar kanti tana da tsada, kuma sai an je manyan birane kamar Kano ake samunta cikin sauƙi. Amma kuwa raga ba wani abu ba ce illa igiya da ƙulli da lissafi. Igiya tana nan a kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, da kasuwar Gumel, da ƙananan kasuwannin ƙauye. Ƙulli kuwa sana'ar gado ce a ƙasar Hausa. Lissafin kuma shi ne wanda ɗalibai ke koya kullum a aji.

Asalin Ragar Ƙwallo

Saƙar raga ta girmi wasan ƙwallo nesa ba kusa ba. A shekarar 1913 wani manomi ya tono ragowar wata ragar kamun kifi a Antrea, cikin yankin Kareliya na arewacin Turai, masana suka auna shekarunta suka tarar sun kai dubu goma. Da ɓawon itace aka tufka igiyarta. A nan gida ma masunta na kogin Haɗejiya suna da taru da koma da birgi, manoma suna da ragar ɗaukar harawa, mata suna da ragayar rataye ƙwarya, masu raƙuma kuma suna saƙa takunkumi. Dukansu aiki ɗaya ne: a ƙulla igiya ta zama idanu, ta riƙe abin da ya fi idon girma, ta bar iska ko ruwa ya wuce.

Shigar raga filin ƙwallo kuwa gardama ce ta jawo ta. A shekarar 1889 wani injiniya na birnin Libaful a Ingila, mai suna John Alexander Brodie, ya ƙirƙiro ragar da ake ɗaurawa a bayan turaku domin a daina musun ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. A shekarar 1892 aka fara amfani da ita a wasan ƙarshe na gasar cin kofin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Tun daga lokacin ta zama abin da ba a raba shi da wasan, har Hausawa suka riƙa kiran wurin cin ƙwallon da kansa raga.

Abin da Raga ke Yi wa Ƙwallo

Dokar wasa ta ce nauyin ƙwallon manya ya kasance tsakanin giram 410 da 450, kewayenta kuma tsakanin santimita 68 da 70. A ɗauka nauyinta kilo 0.43 ne, ɗan wasa mai ƙarfi kuma ya buga ta da saurin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, watau kilomita 90 a awa. Masana kimiyyar lissafin motsi suna auna kuzarin abu mai tafiya ta hanyar ɗaukar rabin nauyinsa, a ninka da saurinsa, a sake ninkawa da saurin. Idan aka yi wannan lissafi za a sami kimanin jul 134. Duk abin da zai tsayar da ƙwallon dole ne ya shanye wannan kuzari gaba ɗaya.

A nan ne bambanci yake tsakanin bango da raga. Ƙarfin da ake bukata wajen tsayar da abu shi ne kuzarinsa a raba da nisan da ya yi kafin ya tsaya. Idan ƙwallon ta daki bango, nisan da take da shi bai wuce yadda ita kanta za ta lotsa ba, a ce santimita 5. Ƙarfin dukan zai kai niyuton 2,700, kwatankwacin nauyin kilo 270. Amma idan ta faɗa cikin raga mai sako-sako wadda za ta ja baya har mita ɗaya, ƙarfin ba zai wuce niyuton 134 ba, kwatankwacin kilo 14 kacal. An rage shi sau ashirin ke nan, ba tare da an canza komai ba sai nisan tsayawa. Dabarar ita ce wadda mai tsaron gida ke yi idan ya cafe ƙwallo ya ja hannunsa zuwa ƙirji, kuma ita ce mai dirowa daga katanga ke yi idan ya lanƙwasa gwiwa.

Darasin farko ga mai saƙa raga ke nan: kada a ɗame ta. Ragar da aka ja ta yi tauri kamar fatar ganga tana mayar da ƙwallo cikin fili, tana tsinkewa da wuri, tana kuma girgiza turakun da aka ɗaura ta a kai. Wadda aka bar mata rara ita ce ke rungumar ƙwallo ta ajiye ta a ƙasa.

Girman Ido

Tambaya ta biyu ita ce girman idon ragar. Idan idon ya yi ƙanƙanta an ɓarnatar da igiya, idan ya yi girma ƙwallo ta wuce. Ido mai gefe huɗu, kowane gefe santimita 12, kewayensa santimita 48 ne. Tun da kewayen ƙwallo bai gaza 68 ba, duk yadda idon ya buɗe ba za ta ratsa ba. To amma idan igiya ɗaya ta tsinke tsakanin ido biyu, sai su haɗe su zama ido ɗaya mai gefe shida, kewayensa santimita 72. Wannan ya fi kewayen ƙwallo, saboda haka za ta iya kutsawa. Idan kuwa gefen idon santimita 10 ne, ko igiya ɗaya ta tsinke kewayen ramin 60 ne, ƙwallo ba za ta wuce ba. Sai dai ido mai santimita 10 yana cin igiya fiye da mai 12 da kashi ɗaya cikin biyar. Makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba tana iya zaɓar 12, muddin za a riƙa duba ragar ana ɗinke duk inda ya tsinke.

Kada a raina wannan dubawa. A watan Oktoba na 2013, a gasar ƙwallon ƙafa ta Jamus, ɗan wasan Bayer Leverkusen Stefan Kiessling ya sa wa ƙwallo kai ta bi ta wajen turke, ta ratsa wani rami da ke gefen ragar ƙungiyar Hoffenheim, ta kwanta a ciki. Alƙalin wasa ya ga ƙwallo cikin raga ya ce an ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wace Igiya?

Igiya iri uku ce aka fi samu a kasuwannin wannan yanki. Ta farko ita ce ta gargajiya, wadda ake tufkawa da rama ko ɓawon kuka ko kaba. Rama ita ce ta fi dacewa, domin zarenta dogo ne mai ƙarfi, ƙulli yana kama ta ƙam saboda kaushinta, kuma ɗalibai za su iya shuka ta a gefen gonar makaranta da damina, su jiƙa karan a ruwa har ɓawon ya saki, su wanke, su shanya, su tufka. Aibinta shi ne abincin gara ce, kuma idan ta jiƙe aka naɗe ta da danshi sai ta ruɓe.

Ta biyu ita ce nailan, wadda masanin harhaɗa sinadarai Wallace Carothers da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1935. Tana da ƙarfi, tana kuma miƙewa idan an ja ta sa'an nan ta koma yadda take, abin da ya sa ta fi kowace igiya iya shanye dukan ƙwallo. Ta uku ita ce igiyar roba mai launi-launi da ake ɗaure kaya da dabbobi da ita, wadda galibi da sinadarin folifirofilin ake yin ta. Ita ce mafi araha, ba ta shan ruwa, gara kuma ba ta cin ta. A kasuwa duka biyun ana kiran su igiyar nailan, amma rarrabe su ba wuya. A yanki ɗan guntu a jefa a kofin ruwa, a danna shi ya jiƙe. Nailan na gaske zai nutse domin ya fi ruwa nauyi, folifirofilin kuwa zai taso sama.

Babban maƙiyin igiyar roba shi ne rana. A cikin hasken rana akwai wasu haskoki da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira altarabayolet. Roba sarƙoƙi ne dogaye na ƙwayoyin sinadari, waɗannan haskoki kuwa suna tsinka sarƙoƙin sannu a hankali. Alamar ita ce launin igiya ya koɗe, ta yi gautsi, idan aka murza ta ta zubar da gari. Duk wanda ya taɓa barin buhun taki a rana ya ga haka. A ƙasar Gumel, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, sauran shekara kuma rana ce tsagwaronta, wannan ɓarna tana sauri. Baƙar igiya ta fi jurewa, domin baƙin garin gawayin da ake zuba wa roba yana tare waɗannan haskoki. Igiya mai kaurin milimita 3 ta isa aikin.

Lissafin Igiya

Ragar manya faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Amma ga atisaye an fi son ƙarama mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2, wadda ta yi daidai da ragar ƙwallon hannu, ta yadda za ta yi wa makaranta aiki biyu. A ce za a saukar da ragar daga sandar sama zuwa ƙasa, mita ɗaya a bayan turaku. Tsawon wannan gangare ana samun sa da ƙa'idar Fisagoras: biyu sau biyu, a tara da ɗaya sau ɗaya, a nemi tushen biyar, watau mita 2.24. Faɗin bayan ragar ke nan murabba'in mita 6.72. Gefe biyu masu kusurwa uku kowanne murabba'in mita ɗaya ne. Jimla 8.72. Idan aka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda rara, za a sami kimanin 10.5.

Kowane murabba'in mita na raga mai ido santimita 12 yana cin igiya mita 16.7, yana kuma da ƙulli kimanin 69. Idan kowane ƙulli ya ci santimita 3, an ƙara mita biyu, sai a ce mita 19. Saboda haka ƙaramar raga tana bukatar igiya mita 200 da ƙulli wajen 725. Da wannan hanya ɗalibi zai iya gano cewa ragar manya mai zurfin mita 2 za ta ci kusan mita 640 da ƙulli fiye da 2,300. Mai saye ya tambayi tsawon igiyar da ke cikin kowane ƙunshi, ya auna da gabansa idan yana shakka, ya raba, ya san ƙunshi nawa zai ɗauka kafin ya yi ciniki.

Yadda Ake Saƙawa

Kayan aiki biyu ne, kuma kafinta zai iya fitar da su daga guntun katako. Na farko ƙoshiya ce, ɗan katako siriri mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, mai gurbi a kowane baki, wadda ake naɗe igiya a jikinta. Na biyu ma'auni ne, allo mai santsi mai faɗin santimita 12, wanda shi ne ke sa idanu su zo daidai wa daida.

Da farko a ɗaura igiya mai kauri tsakanin bishiya biyu ko ginshiƙan baranda, daidai ƙirji. A jikinta za a ƙulla layin farko na madaukai, kowanne a zagaya shi a kan ma'auni. Idon da aka saƙa da hannu a karkace yake tsayawa, kusurwa a sama kusurwa a ƙasa, faɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa santimita 17. Saboda haka bayan raga mai faɗin mita 3 da rararsa yana bukatar madauki 20. Daga nan a fara layi na biyu. A riƙe ma'auni a ƙarƙashin madauki na farko, a zagayo igiya ta gaban ma'auni ta koma ta bayansa, a cusa ƙoshiya cikin madaukin, a ja har madaukin ya taɓa bakin ma'auni, a danne da babban yatsa. Sai a jefa igiya hagu ta yi da'ira, a zagaya ƙoshiya ta bayan ƙafa biyu na madaukin, a fito da ita ta cikin da'irar, a ja ƙasa da ƙarfi. Wannan shi ne ƙullin masunta. Idan igiyar roba ce mai santsi, a zagaya sau biyu, in ba haka ba ƙullin zai riƙa zamewa idanu su ɓaci. In an kai ƙarshen layi a koma ɗaya gefen a sake farawa. Kowane layi yana ƙara santimita 8.5, layi 29 ya gama bayan raga.

Gefuna masu kusurwa uku ana fara su da madauki 7, ana rage ido ɗaya bayan kowane layi huɗu ta hanyar kama madauki biyu cikin ƙulli ɗaya, kullum a gefe guda. A ƙarshe a haɗa ɓangarorin uku, a zura igiya mai kauri ta bi dukan baki, a ƙona bakin kowace igiyar roba da kyandir don kada ta warware. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idan aka raba aji gida uku, kowane gida da ɓangarensa, kowane mai saƙa yana ƙulli uku a minti ɗaya, mafi girman ɓangaren ba zai wuce awa uku da ɗan abin da ba a rasa ba.

Turaku da Tsaro

Dalilin zaɓar ƙaramar raga yana da tushe a kimiyya. Sandar da aka ɗora a kan turke biyu tana lanƙwasa saboda nauyin kanta, kuma idan aka ninka tsawonta biyu, kaurinta bai canza ba, lanƙwasar tana ninkuwa sau goma sha shida. Sanda mai mita 7.32 za ta lanƙwasa fiye da mai mita 3 har sau 35. Shi ya sa ragar manya take bukatar bututun ƙarfe da mai walda, alhali ƙarama gora mai kauri ko azara ta ishe ta. Azarar giginya ta yi suna wajen gagarar gara, itacen darbejiya ma yana jurewa. Ko wane itace ne, a babbaka gindinsa a wuta har ya yi baƙi kafin a binne.

Ƙasar wannan yanki rairayi ce, ba ta riƙe turke kamar laka. A haƙa rami mai zurfin santimita 60 ko fiye, a cika shi da tsakuwa ko fasassun bulo, ana zubawa ana daddaɓewa, a kuma kafa wa kowane turke tokara ta baya. A ɗaure sandar sama da ƙusa da waya, kada a ɗora ta kawai a kan gwafa. Dokar wasa ta tilasta a kafe turaku a ƙasa, domin a ƙasashe da dama ragar da ba a kafe ba ta faɗo kan yara ta yi ajalinsu. Malamin wasanni ya hana lilo a kan sanda, ya kuma riƙa jijjiga turaku kafin a fara wasa, musamman bayan ruwan sama. Domin kusurwa ta tsaya daidai, a yi amfani da dabarar magina: igiya mai alama a mita 3 da 4 da 5, idan aka ja ta ta yi kusurwa uku, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidaitacciya.

Akwai abu biyu da araha ba za ta halatta ba. Na farko, kada a sare bishiya ɗanya domin turke. Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana cikin jihohi goma sha ɗaya na Nijeriya da ke fuskantar kwararowar hamada, kuma layukan bishiyoyin da aka dasa a kan iyaka su ne ke tare iska da rairayi daga gonakin gero da riɗi. Na biyu, kada a mayar da gidan sauro ragar ƙwallo, kamar yadda akan gani a wurare da yawa. Zarensa siriri ne, ba zai daɗe ba zai yage, yaron da aka cire wa shi kuma an bar shi ga zazzaɓin cizon sauro.

Kulawa da Ƙarin Amfani

Raga tana daɗewa ne idan ana kwance ta bayan wasa, a kakkaɓe, a rataye ta a ɗaki inda rana da gara da awaki ba za su kai gare ta ba. Ta rama kuma sai ta bushe sarai kafin a naɗe. Wanda ya iya wannan ƙulli ya iya ragar ƙwallon raga, wasan da William Morgan ya ƙirƙiro a Amurka a 1895. Faɗinta mita ɗaya ne, tsawonta mita 9.5 zuwa 10, idonta santimita 10, ana ɗaga ta mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata. Ita kam ɗame ta ake yi, domin ana son ƙwallo ta dawo idan ta taɓa ta.

Ga malamin kimiyya kuwa, aikin kansa ɗakin gwaji ne da ba ya bukatar lantarki. A yanka guntaye daga igiya iri uku, a rataya wa kowanne bokiti, a riƙa zuba rairayi har ya tsinke, a auna nauyin. A maimaita da igiyar da aka yi wa ƙulli a tsakiya, ɗalibai za su ga yadda ƙulli ke rage ƙarfin igiya, wani lokaci har kusan rabi. A shanya wasu guntaye a kan rufin kwano tun daga farkon zango, a ajiye 'yan'uwansu a cikin akwati, a gwada su a ƙarshen zango. Sakamakon da aka rubuta shi zai gaya wa makarantar irin igiyar da za ta saya a baɗi, kuma makarantun maƙwabta daga Gagarawa har Maigatari za su iya amfana da shi, tun da rana ɗaya ce ke dukan su duka.